Shaidar Zur a Kan Teku: Abin da Ya Haɗa Roni da Jiragen da Ke Ƙaryar Inda Suke

Daga Roni zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota, kuma akasarin manoman da ke cin kasuwannin Kazaure da Gwiwa da Babura ba su taɓa ganin jirgin ruwan da ya fi kwalekwale girma ba. Don haka ba zan ga laifin mai karatu ba idan ya dubi kan wannan sharhi ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce kuɗi. Ƙaramar Hukumar Roni, kamar sauran 'yan uwanta 26 na Jihar Jigawa, da abin da ake rabawa a Abuja kowane wata take biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi. A tsarin rabon asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na samun kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya kuma 52.68. Kaso mai tsoka na wannan asusu daga ɗanyen mai yake fitowa, ɗanyen man kuwa a jiragen ruwa ake dakon galibinsa. Ke nan duk gangar da ta fita ba a rubuta ta ba, ta tafi da wani abu daga aljihun mutumin Amaryawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar NEITI, wadda ke bin diddigin kuɗin ma'adinai, ta bayyana cewa tsakanin 2009 da 2020 Najeriya ta yi asarar ganga miliyan 619.7 ta ɗanyen mai, wadda kuɗinta ya kai Dala biliyan 46.16, ta hanyar sata da fasa bututu. A watan Satumbar 2022 man da ƙasar ke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, abin da aka daɗe ba a gani ba. Gaskiya ne cewa ana dafa wani ɓangare na man da aka sace a haramtattun matatu cikin dazuzzukan Neja Delta, to amma babbar satar ba ta yiwuwa sai da jirgi. Rahoton da cibiyar Chatham House ta Ingila ta fitar a 2013 ya zayyana yadda ake ɗibar man a ƙananan jirage daga cikin rafuka, a kai wa matsakaita, su kuma su juye wa manyan jiragen da ke jira can cikin teku. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya jirgi mai tsawon filin ƙwallo biyu ko uku zai zo ya tafi ba a gan shi ba, a zamanin da kowane babban jirgi ke ɗauke da na'urar da ke shelanta inda yake?

Bari mu fara da ita na'urar, wadda ake kira AIS. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta wajabta ta ƙarƙashin yarjejeniyar kare rayuka a teku, kuma tun daga ƙarshen 2004 dole ne kowane jirgin da girmansa ya kai tan 300 a ma'aunin jirage, matuƙar yana zirga-zirga tsakanin ƙasashe, ya kasance yana da ita, haka nan duk jirgin fasinja. Aikinta shi ne ta karɓi bayanin wuri daga taurarin GPS, ta watsa shi ta zangon rediyo na VHF tare da gudun jirgin da inda ya sa gaba. Idan jirgi na tafiya, tana yin wannan shela duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10. Idan ya jefa anga, duk bayan minti 3. Duk bayan minti 6 kuma tana faɗin sunan jirgin da girmansa da nitsonsa a ruwa da tashar da ya nufa. Kowane jirgi yana da lambar rediyo mai alƙaluma tara, ukun farko na nuna ƙasar da yake ɗauke da tutarta; ta Najeriya ita ce 657, ta Nijar 656. Tashoshin bakin teku da taurarin ɗan Adam na tsintar waɗannan saƙonni, kamfanoni su tattara su zuba a intanet, har mai wayar hannu a Kazaure zai iya kallon jiragen da ke layi a Apapa.

A nan ne fannin da nake koyarwa, wato kimiyyar harshe, yake da ta cewa. Masanin falsafar harshe Paul Grice ya nuna a 1975 cewa zance tsakanin mutane yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, wadda a cikinta mai sauraro ke ɗauka cewa mai magana ba zai faɗi abin da ya san ƙarya ne ba. A kan irin wannan kyakkyawan zato aka gina AIS. An ƙirƙire ta ne don kada jirage su yi karo cikin hazo ko duhu, kuma a irin wannan hali babu matuƙin da zai amfana da ƙarya. Saboda haka saƙon ba shi da hatimi, ba shi da sa hannu, ba a kuma kulle shi da wani sirri ba. Sunan jirgi da tashar da ya nufa ma da hannu ake shigar da su. A taƙaice, abin da ke fitowa daga wannan na'ura iƙirari ne na jirgi a kan kansa. Kuskuren da duniya ta yi, mu ma muka bi sahu, shi ne ɗaukar iƙirari a matsayin shaida. Babu alƙalin da zai sallami wanda ake tuhuma don kawai ya ce ranar da aka yi satar yana Daura.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan bayani ya taɓa yi wa Najeriya rana. Bayan zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairun 2012, kwamitin da Aigboje Aig-Imoukhuede ya shugabanta ya ɗauki takardun da dillalan mai suka karɓi kuɗin tallafi da su, ya gwada su da kundin zirga-zirgar jirage na kamfanin Lloyd's List Intelligence. Sai aka tarar wasu manyan jiragen da aka ce sun juye fetur a gaɓar Afirka ta Yamma suna wata nahiya dabam a ranar da aka rubuta, wasu kuma sun daina aiki tun kafin lokacin. Takarda ta yi ƙarya, sawun jirgi ya tona ta. To amma Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɓarayin duniya sun fahimci cewa mai shaidar da ya tona asirinsu shi ma ana iya koya masa abin da zai faɗa. Da a ce yau za a sake irin wancan bincike, mai wayo zai zo da takardar bogi da kuma sawun bogi da ya yi daidai da ita.

Harshen Hausa ya tanadi kalmomi huɗu da suka dace da nau'o'in wannan ha'inci, kuma rarrabe su yana da muhimmanci, domin maganin kowanne dabam ne. Na farko shi ne shiru, wato kashe na'urar ɗungurungum. Misalinsa a gida shi ne jirgin MT Tura II, wanda aka kama a watan Yulin 2023 ɗauke da ɗanyen mai lita 800,000 a kan hanyarsa ta zuwa Kamaru. Kamfanin NNPC ya ce wurin ƙarshe da jirgin ya bayyana kansa shi ne tashar Tin Can ta Legas a 2011, wato shekara 12 yana yawo a ɓoye. Shirun ma ya zama ruwan dare a duniya, domin wani nazari da ƙungiyar Global Fishing Watch ta jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a Janairun 2024, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a taswirorin da jama'a ke gani. Na biyu shi ne sojan gona, inda jirgi ke aron suna da lambar wani jirgi, sau da yawa wanda aka riga aka farfasa aka sayar da ƙarfensa, ko ya ɗaga tutar ƙasar da ba ta san da zamansa ba.

Na uku ita ce ƙarya tsagwaronta, wato jirgi ya bar na'urarsa a kunne, amma ana ɗura mata wurin bogi. Wannan ta fi shiru haɗari, domin shiru yana jawo tambaya, ita kuwa ƙarya tana kwantar da hankalin mai gadi. A ranar 10 ga Disambar 2025 Amurka ta kama wani ƙaton jirgin dakon mai mai suna Skipper a gaɓar Benezuwela. Na'urarsa ta daɗe tana nuna cewa yana kusa da Guyana, alhali hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna shi yana lodi a tashar Jose ta Benezuwela, kuma Guyana ta fito ta ce tutarta da yake ɗauke da ita ta bogi ce. Har sai da hukumar NIMASA ta fito ta bayyana cewa jirgin ba shi cikin rajistar Najeriya, bayan rahotanni sun alaƙanta shi da ƙasar nan. Irin waɗannan jirage, masu dakon man ƙasashen da aka sa wa takunkumi, sun yi yawan da har IMO ta zartar da ƙuduri a kansu a Disambar 2023. Dabarar da suka goge a kanta ba ta da iyaka. Abin da ya yi aiki a tekun Karebiyan zai yi aiki a gaban Bonny ko Escravos.

Na huɗu shi ne ƙage, wato a sa wa jirgi maganar da bai faɗa ba. A watan Yunin 2021 taswirori sun nuna jirgin yaƙin Birtaniya HMS Defender da takwaransa na Holan sun bar Odesa sun doshi sansanin sojan ruwan Rasha da ke Sebastopol, alhali kyamarorin tashar suna nuna su ɗaure a Odesa. Wani ne ya ƙirƙiri saƙonnin ya zuba su cikin rumbun bayanai. Akwai kuma inda ake ruɗa ita kanta GPS ɗin da sigina mai ƙarfi daga tudu. A Yunin 2017 jirage fiye da 20 da ke kusa da Noborosisk a tekun Bahar Aswad suka ga na'urorinsu na nuna cewa suna filin jirgin sama na Gelendzhik. A Mayun 2025 jirgin kwantena MSC Antonia ya kafe a kusa da Jidda, kuma masu nazari sun danganta hatsarin da ruɗa GPS. Mu ma abin ya taɓa mu: a Yunin 2019 wani ƙaramin jirgin jigilar ma'aikatan mai, Princess Janice, yana ruwan Najeriya, amma sawunsa ya yi tsalle ya bayyana yana kewaye a gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Darasin a nan shi ne ba duk sawun bogi ne ke nuna mai jirgi ɓarawo ne ba. Wani lokaci shi aka cuta.

To yaya ake gane ƙaryar? Hanyoyin da injiniyoyi ke bi ba su yi nisa da waɗanda mai nazarin harshe ke bi ba idan aka kawo masa wasiƙar da ake shakkar marubucinta. Hanya ta farko ita ce a bi zancen kansa a nemi inda ya ci karo da juna, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Jirgin dakon mai da wuya ya wuce mil 15 ko 16 na teku a awa ɗaya, saboda haka idan sawunsa ya tsallake mil 300 cikin awa biyu, akwai magana. Jirgin da ya jefa anga yana lilo ne yadda iska da igiyar ruwa suka ga dama, idan kuwa aka ga yana zana da'ira cif-cif kamar da kamfas ɗin ɗan makaranta, ko ya tsaya cak kwana da kwanaki, to kwamfuta ce ke zanen. Jirgin da ya bar tasha ba kaya ya kuma isa wata tashar ya nitse da nauyi, alhali sawunsa bai nuna ya tsaya ko'ina ba, ya sha mai a wani wuri. Hatta lambar dindindin mai alƙaluma bakwai da IMO ke ba kowane jirgi tana da tarko: ana ninka alƙaluma shidan farko da 7, 6, 5, 4, 3 da 2 bi da bi, a tara, kuma alƙalamin ƙarshe na jimlar dole ya zama shi ne na bakwai. Mai ƙirƙirar lamba da ka yakan faɗa wannan rami.

Hanya ta biyu ita ce a tambayi wanda ya ji maganar, da kuma inda yake tsaye lokacin da ya ji ta. Muryar VHF ba ta cika wuce mil 40 na teku zuwa tashar bakin ruwa ba. Idan eriyar da ke Legas ta ji jirgi raɗau yana cewa yana gaɓar Angola, eriyar ce mai gaskiya. Haka tauraron ɗan Adam yana da iyakar faɗin ƙasar da yake iya saurare a kowane lokaci, kuma an san inda yake a kowace daƙiƙa. Idan ya tsinci saƙon da ke iƙirarin wani wuri da ke wajen wannan da'ira, ƙarya ta fito. Akwai ma kamfanoni irin su HawkEye 360 na Amurka da Unseenlabs na Faransa waɗanda taurarinsu ba ruwansu da abin da saƙon ya ƙunsa, inda sautin ya fito kawai suke aunawa. Bugu da ƙari, kowace na'urar watsa sigina tana da 'yan alamomin da suka keɓanta da ita. Wannan ya yi kama da karin harshe: mutum na iya rantsuwa cewa shi Basakkwace ne, amma da ya yi jimla uku, mai kunne zai ji Kananci.

Hanya ta uku ita ce shaidar ido, domin gani ya kori ji. Matsalar mashigin tekun Gini ita ce gajimare, wanda ke rufe wa kyamarar tauraro ido tsawon watanni. Maganin wannan shi ne tauraro mai rada, wanda ke ratsa gajimare da duhu, ƙarfen jirgi kuma ya fito masa fari tas a kan baƙin ruwa. Taurarin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2014, suna ba da irin waɗannan hotuna kyauta ga duk mai so. Idan aka ɗora hoton a kan taswirar AIS, abu biyu kan fito: jirgin da ake gani amma ba ya magana, da kuma maganar da babu jirgi a ƙarƙashinta. Hanya ta huɗu ita ce takardu, wato rajistar lodi ta tashoshin mai, da bayanan kwastan, da kuma rahoton da kowane babban jirgi ke aika wa ƙasar da yake ɗauke da tutarta sau huɗu a rana ta wani tsari na dabam mai suna LRIT. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta isa ita kaɗai. Ƙarfinsu yana cikin haɗuwarsu, domin mai ƙarya na iya sayen shaida ɗaya, amma da wuya ya sayi huɗu waɗanda ba su san juna ba.

Adalci ne a faɗi cewa Najeriya ba ta naɗe hannu ba. A 2019 aka sa hannu a dokar yaƙi da fashin teku ta SPOMO. A Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na Dala miliyan 195 ƙarƙashin NIMASA, lokacin Dokta Bashir Jamoh na shugabancinta, da jiragen sintiri na ruwa da na sama da cibiyar tattara bayanai a Legas. Wata guda bayan haka aka ƙaddamar da tsarin Falcon Eye na rundunar sojan ruwa, mai rada da kyamarori da ke sa ido a kan ruwan ƙasar har mil 200. An kuma ga amfanin ƙoƙarin. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. Zuwa Maris na 2022 hukumar IMB ta cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin teku ya yi ƙamari. Tun 2013 kuma ƙasashen yankin suka rattaba hannu a yarjejeniyar Yawunde ta musayar bayanai, aka kafa cibiyar shiyya a Kwatano. Wannan nasara ce, kuma ta shafi farashin duk abin da ke zuwa Arewa ta Apapa, daga takin zamani zuwa kifin sanyi, domin kuɗin inshorar jirgi a kan mai saye yake ƙarewa.

Sai dai kama ɗan fashi mai bindiga a kwalekwale dabam, kama ɓarawo mai takarda da kwamfuta dabam. Rikicin jirgin Heroic Idun ya nuna irin tsadar rashin amintacciyar shaida. A Agustan 2022 wannan ƙaton jirgi ya zo rijiyar mai ta Akpo, jirgin sojan ruwanmu ya tunkare shi da dare, shi kuma ya gudu ya kai rahoton cewa 'yan fashi ne suka biyo shi. Masu jirgin sun kafa hujja da cewa jirgin da ya tunkare su bai kunna AIS ba, don haka ba su da hanyar tabbatar da ko wane ne. Rundunar kuwa ta ce jirgin ya shigo ba da cikakken izini ba, ya kuma ƙi bin umarni. Ikwatoriyal Gini ta tsare shi, aka dawo da shi Najeriya a Nuwamba, ma'aikatansa 26 suka yi watanni a tsare, ba a sake su ba sai a Mayun 2023 bayan sulhun da ya haɗa da biyan Dala miliyan 15 da neman afuwa. Ko ma wa ke da gaskiya, abin lura shi ne a tekun da ba a yarda da muryar kowa ba, mai gaskiya yana tsoron hukuma, hukuma tana zargin mai gaskiya, ɓarawo kuma yana wucewa ta tsakaninsu.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta iya gyarawa. Masu shekaru irin nawa za su tuna jirgin MT African Pride, wanda aka kama a 2003 da ɗanyen mai tan 11,000, ya kuma yi ɓatan dabo a 2004 yana hannun sojan ruwa, har kotun soja ta samu manyan hafsoshi biyu da laifi a Janairun 2005. Wannan jirgi ba sigina ya murɗa ba, mutane ya samu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan mutum ɗaya ne ke kallon allon, kuma shi kaɗai ya san abin da ya gani, to farashin satar bai wuce farashin wannan mutum ba. Haka kuma al'adar banka wa jiragen da aka kama wuta, kamar yadda aka yi wa MT Tura II kwanaki kaɗan bayan kama shi, tana ƙona hujja tare da jirgin. A cikin na'urorin jirgi da kundin matuƙinsa ne ake samun tashoshin da ya taɓa zuwa da waɗanda ya yi hulɗa da su. Wanda ya ƙone su ya kashe macijin bai sare kansa ba.

A ganina abubuwa huɗu ne suka kamata. Na farko, Majalisar Tarayya ta tabbatar dokokinmu sun rarrabe tsakanin shiru da sojan gona da ƙarya da ƙage, kowanne da hukuncinsa, tare da la'akari da cewa ƙa'idojin IMO sun yarje wa matuƙi ya kashe na'urarsa idan yana tsoron 'yan fashi, muddin ya rubuta dalili. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar hujjar kwamfuta a kotu, saura a horar da masu gabatar da ƙara da alƙalai yadda za su auna hoton rada da sawun jirgi. Na biyu, bayanan sojan ruwa da NIMASA da hukumar tashoshi da kwastan da hukumar NUPRC su riƙa haɗuwa wuri guda, ta yadda kowacce za ta zama shaida a kan 'yar uwarta, musamman da yake tun 2023 akwai ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Na uku, a riƙa buga sunan kowane jirgin da ya yi lodin ɗanyen mai, da ranar, da adadin ganga, domin duk mai intanet ya iya gwadawa. Wannan buƙata ce da kwamishinonin kuɗi na jihohin Arewa, waɗanda ke zama a taron rabon arziki kowane wata, suka fi kowa haƙƙin gabatarwa. Bai kamata a ce aikinsu ya tsaya ga karɓar abin da aka ce ya shigo ba.

Na huɗu, kuma wanda ya fi kusa da gida, shi ne mutanen da za su yi aikin. Gano sawun bogi ba ya buƙatar iya iyo. Lissafi yake buƙata da kwamfuta da haƙurin bin diddigi. A wannan kusurwa tamu akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, ga kuma Jami'ar Sufuri a Daura. Ɗalibin da ke ɗaya daga cikinsu zai iya sauke hoton Sentinel-1 na gaɓar Bonny, ya gwada shi da bayanan da ke shafin Global Fishing Watch, ya rubuta kundin kammala karatunsa a kai, ba tare da ya taka Fatakwal ba. Teku kuma tana matsowa kusa da mu: an buɗe tashar tudu ta Dala a Kano a Janairun 2023, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure aka tsara zai bi, ita kanta Nijar da ba ta da gaɓa tun 2024 ɗanyen manta na Agadem ke fita ta tashar Seme a Benin. Ƙwararrun da za su karanta sawun jirage za a neme su a Kano da Maraɗi kamar yadda ake neman su a Legas.

Injiniyoyi na aiki a kan sabon tsari mai suna VDES wanda zai ba da damar sa wa saƙon jirgi hatimi, taurarin Galileo na Turai ma sun fara sa wa siginarsu irin wannan hatimi. Amma kafin dubban tsofaffin jirage su sauya na'ura za a ɗauki shekaru, kuma hatimi na iya tabbatar da wanda ya yi magana ne kawai, ba gaskiyar abin da ya faɗa ba. Saboda haka ƙa'idar da dattawanmu ke bi a kasuwar shanu tana nan daram: ana jin ta bakin mai kaya, amma ba a biya sai an duba haƙori, an kuma nemi wanda ya san asalin dabbar. Ranar da hukumominmu suka fara yi wa kowane jirgi irin wannan tambaya, suka kuma bar jama'a su ga amsar, ranar ce za mu san ko abin da ke isowa Roni a ƙarshen wata shi ne haƙƙinta, ko kuwa ragowar abin da ɓarayi suka bari. Allah Ya sa mu dace.